Ruwa ya ci mini amfilifaya biyu a but ɗin IS250, ina neman shawara kafin in sayi na uku

Baban Ummi, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen, so nake wanda ya san aikin ya ji shi tun daga tushe.

Motata Lexus IS250 ce ƙirar 2008, 'yar Amurka, shekara huɗu ke nan tana hannuna. A Agege nake zaune, shagona kuma yana Ailan, tsibirin Legas, wajen kasuwar Balogun, saboda haka kullum ta Allah sai na bi Oshodi, in ratsa Gbagada, in hau gadar Third Mainland. Duk mai bin hanyar nan ya san rediyo abokin tafiya ne. Da safe karatu nake sakawa, da yamma in kama labarai, kafin gosulo ya sake ni na gama jin abin da duniya ke ciki.

Ranar Laraba 3 ga Yuli, ranar da aka wuni ana tafka ruwan nan, na yi gangancin fita. A Iyana-Oworo ruwa ya kwanta, motoci sun yi cirko-cirko, wasu sun mutu a tsakiya. Na bi bayan wata babbar mota a hankali, Allah ya fitar da ni, injin ko tari bai yi ba. Har na fara yi wa kaina kirari. Washegari da safe na kunna karatu sai na ji sifikun baya suna tas-tas kamar ana suyar gyaɗa, murya ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo. Kafin in kai Anthony komai ya yi tsit. Allo yana kawo wuta, esi yana aiki, amma ɓangaren sauti ya kafe a kan Audio Off. Ka danna, ka murɗa, ko gezau.

Na kai wa wani ɗan rewaya a unguwarmu. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ta gefen dama, sai ga amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya tura wa sifiku, zaune a cikin ruwa kamar kwaɗo. Ni wallahi sai ranar na san a nan yake. Shekara huɗu ina ɗora buhun shinkafa da jarkar mai a kansa. Ya kwashe ruwan da gwangwanin madara, ya goge da tsumma, ya ce wannan ya tafi, sai dai a nemo tokumbo. Na ba shi kuɗi ya je ya kawo, naira dubu 85 har kuɗin aiki. Ya jona, sauti ya dawo garau, na yi masa addu'a na tafi.

Kwana 19 cif ya yi. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai motar wanki kafin masallaci, Asabar da safe tas-tas ɗin nan ta dawo, Lahadi shiru. Ƙari a kan haka, Litinin na tashi batir ya kwanta, sai da maƙwabcina ya ba ni wuta. Na ɗaga shimfiɗar da kaina, ga ruwa nan kuma a ramin, ya kai gaɓar yatsa biyu.

Ɗan rewayan ya ce mai kayan ne ya ba shi ruɓaɓɓe. Mai kayan ya ce shi ba ya karɓar abin da ya jiƙe. Ni kuma ga ni a tsakiya, kwana huɗu ina hawa gada ba abin da nake ji sai hon ɗin danfo. Tambayoyina: shin na farkon ko na biyun zai gyaru? In sayen wani zan yi, me zan duba don kada a sake yi mini sakiyar da ba ruwa? Kuma mutuwar batir ɗin tana da alaƙa da wannan, ko wata sabuwar wahalar ce ta kunno kai?

Usta Mai Rewaya, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kada ka sayi komai tukuna, ko kyauta aka ba ka kada ka jona.

Amsa mini abu uku. Ranar ambaliyar, kafet ɗin ƙarƙashin ƙafarka ya jiƙe? Ruwan da kuka tarar a ramin, mai laka ne ko fari tas? Sannan an taɓa bugun motar ta baya?

Dalilin tambayar, ruwan titi ba ya ɓuya. Yana zuwa da yashi da baƙin kwata, in ya bushe sai ka ga ya bar zane a jikin ƙarfe daidai inda ya tsaya, ga wari. In kuwa ruwan fari ne, daga sama yake sauka, kuma duk ranar da aka yi ruwa ko aka wanke mota sai ya ƙaru. Kai da bakinka ka ce na biyun bayan wanki ya mutu. Ranar Juma'ar nan ai ba ka shiga Iyana-Oworo ba.

Batun batir kuwa, uwarsu ɗaya. Amfilifayan motar nan yana da waya mai wuta a kowane lokaci, ko ka zare makulli ka shiga ɗaki ka kwanta. Rediyo ne ke aika masa saƙo ya farka ko ya yi barci. To in ruwa ya kwanta a kan fanel, wato allon layukan tagulla da ke cikinsa, alhali da wuta a jiki, sai ya zama gada tsakanin layukan da bai kamata su haɗu ba. Tagullar ta dinga cinyewa tana yin kore, shi kuma yana zuƙar batir dare da rana. Mota lafiyayya in ta yi barci abin da take ja bai cika wuce miliamfiya 50 ba. Sa a ɗora mita a taka, za ka sha mamaki. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka zare soket ɗin amfilifayan gaba ɗaya, ka ɗaure bakinsu a leda, ka rataye su sama inda ruwa ba zai kai ba. In ba za ka iya ba, buɗe akwatin fiyus ka duba zanen da ke jikin murfin, ka cire wanda aka rubuta wa AMP.

Sadiq Obalende:

Baba, ni dai a ganina ka daina zuba kuɗi a rijiya. Motar 2008 fa. Ka cire tsohon rediyon kawai a saka maka allon Android, ka samu Bluetooth da taswira da kyamarar baya, a ja sababbin wayoyi zuwa sifiku, shi ke nan an rabu da amfilifayan kamfani. Abokina ya yi wa Corolla ɗinsa a Ikeja, awa biyu aka gama, har YouTube yake kallo a gosulo.

Usta Mai Rewaya, Idi-Araba:

Sadiq, Corolla daban, wannan daban. Rediyon Corollar abokinka shi ke tura sifiku da kansa, ka cire ka saka wani, magana ta ƙare. A IS250 rediyo ba ya tura sifika ko ɗaya. Sauti yake miƙa wa amfilifaya, ya kuma gaya masa ta wayar saƙo, wadda Toyota ke kira AVC-LAN, cewa ƙara ko rage. Shi ya sa da amfilifayan ya mutu allon Alhaji ya kafe, yana kira ba a amsawa. Kuma amfilifayan ne ke raba wa kowace sifika rabonta, ƙananan su sami siririyar murya, babbar ta baya ta sami gangar. Sifika 13 ne a motar da ta zo da kayan sautin kamfanin Pioneer, 14 a mai na Mark Levinson. Ka haɗa su kai tsaye da allon kasuwa mai hanya huɗu, ka ga yadda ƙananan za su ƙone.

Yawancin allunan Android da ake yi wa motar nan ma da amfilifayan kamfanin suke aiki, ta wani ɗan akwati da ke fassara saƙon. Wato ko ya sayi allon, yana nan yana neman abin da ya mutu. Ga kuma esi, wanda a mai taswira ta cikin allon ake sarrafa shi. Ana iya sake wayoyin duka da amfilifayan kasuwa, na sha yi, amma kuɗin ya fi na tokumbo nesa ba kusa ba. Kuma a ina za a ajiye sabon? A but ɗin da ke yoyo?

YouTube a gosulo kuma, ka gaya wa abokinka ya ji tsoron Allah.

Baban Ummi, Agege:

Usta, Allah ya saka da alheri, ka sa na ji kunyar kaina. Kafet bai jiƙe ba ko kaɗan, na tuna sarai don takalmina na cire na ajiye a ƙasa ranar. Ruwan na biyu fari ne tas, har ana ganin kan kusoshi a ƙasansa. Na farkon ne dai ya ɗan yi duhu.

Bugu kuwa an yi. Kafin azumin bana wata danfo ta daki bayana a Oshodi, daidai kusurwar dama. Danja ta fashe, bamba ta tsage, gefen ya lotsa. Direban ya sauko ya kwanta a titi yana roƙo, fasinjoji suna ta ihu, na ce ya tafi. Wani fanalbita ya buga ya yi fenti, aka sa sabuwar danja, aiki ya yi kyau a ido har mutane suna cewa kamar ba a taɓa ba. Tun watan Maris ke nan, ban kawo komai a raina ba. Yanzu da ka faɗa na tuna tun wajen Mayu matata take cewa but yana warin gumi, ni kuma na ɗora laifin a kan buhun albasar da na ɗauko daga Mile 12.

Na zare soket ɗin kamar yadda ka ce. Guda ɗaya bakinsa ya yi kore shar, kamar tsohon kwabo. Me zan yi masa?

Malam Mai Fanel, Alaba:

Alhaji sannu da jarrabawa. Ni gyaran rediyo da talabijin nake yi, irin waɗannan akwatunan suna zuwa mini duk damina, daga Yuni zuwa Yuli, sannan in ruwan Satumba ya dawo su sake dawowa.

Na farkon ka manta da shi. Ya yi wata da watanni yana shan ruwa da wuta a jikinsa, sannan aka jefar da shi a jiƙe kusan wata guda. In ka buɗe za ka tarar ƙafafun ƙananan kayan sun zama gari. Na biyun yana da ɗan rai, tunda kwanansa a ruwa kaɗan ne kuma ruwan mai tsabta ne. A kwance murfin, a wanke fanel ɗin da sinadarin isopropyl da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe sosai kwana biyu a inda iska ke kaɗawa, sannan a duba da gilashin ƙara girma a ga ko akwai layin da ya yanke. Wani lokaci layi ɗaya ne ko biyu, a ɗinke da siririyar waya ya tashi. Amma gaskiya ɗaya ce, fanel ɗin da ya sha ruwa ba na ba da garanti a kansa. Ruwa yana shiga ƙarƙashin manyan ƙwayoyin inda buroshi ba ya kaiwa, ya yi wata uku yana aiki, rana ɗaya ya ɗauke.

Don Allah kada wani ya ce ka tura shi cikin shinkafa. Shinkafa ba ta cire tsatsa, kuma da tsadar da take yi yanzu gara a dafa wa yara. Kada kuma a jona shi "a gani ko ya tashi" alhali da danshi, nan ne ake ƙarasa mai sauran numfashi.

Ka gode wa Allah a Agege kake. Na wajen Lekki da Ajah da ake kawo mini, ruwansu yakan haɗu da na lagun mai gishiri-gishiri, kwana biyu ya isa ya cinye fanel. Wani direba ya kawo mini na BMW ɗin ogansa, ita kuma nata a gefen hagu na but yake, kuma da wayar haske suke magana, duk na'urorin a jere kamar carbi. Ɗaya ya mutu, sai rediyo da waya da komai suka ɗauke tare. Taka mai sauƙi ce a kan wannan.

Soket ɗin da ya yi kore, a fesa masa maganin wanke soket, a goge kowane baki da buroshi har ƙarfen ya fito. In bakin ya cinye ko ya saki, a yanko wani soket ɗin da guntun wayarsa daga motar da aka farke, a yi masa dalma waya bayan waya, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Ban da murɗawa da hannu a naɗe da salatif. Sabon amfilifaya a kan ruɓaɓɓen soket, sauti zai dinga yankewa ka ce an sake cutarka.

Usta Mai Rewaya, Idi-Araba:

Malam ya gama magana a kan fanel. Saura neman ƙofar ɓarawon.

Alhaji, ka kwashe komai na but, shimfiɗa da safaya da rufin gefen dama, har sai ƙarfe ya fito tsirara. Ka busar da shi. Ka barbaɗa hoda a bangon gefen da ƙasan danja. Ka sa yaro mai wayo ya shiga da tocila, a bar masa kafar iska, kai kuma ka tsaya a waje da tiyo. Ka fara daga ƙasa, bayan taya da gefen bamba, minti biyar. Sannan danja. Sannan bakin murfin but. Sannan gilashin baya da rufi. In ka fara daga sama ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ba za ka san ta inda ya shiga ba. Hodar za ta nuna maka sawunsa.

Wurare huɗu nake zargi a motar da aka buga: soson da ke tsakanin danja da jikin mota, tagar iska da ke ɓoye a bayan bamba mai 'yan fukafukan roba, wadda ke fitar da iska in an rufe ƙofa, ɗinkin ƙarfen da fanalbita ya buga in bai mayar da gam ba, sai robar bakin but.

In za ka sayi wani, ka tafi da na farkon, na ainihin motar, a hannunka. A jikinsa akwai takarda mai lamba da ta fara da 86280, ka nemi wanda lambarsa ta yi daidai har ƙarshe. Na Pioneer da na Mark Levinson ba sa musanya, duba fuskar rediyonka, in mai Mark Levinson ce an rubuta. Ka je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, da motar, a jona a gabanka, ka saurari kowace sifika ɗaya bayan ɗaya kafin kuɗi ya bar aljihunka. Ka sa a kwance murfin ka leƙa, ka kuma sansana. Motoci da yawa da ake farkewa ana kawo kayansu, ruwa ne ya kashe su tun a can Amurka. Guguwar Sandy ta 2012 da Harvey ta 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, aka yi gwanjonsu. In ka ga farin gari ko tsatsa a kan kusoshi, ajiye musu kayansu. Kafin a jona kuma a cire kan batir na negatif, a auna wayoyin sifiku da mita a tabbatar babu wadda ta taɓa jikin mota. In bayan an mayar da batir gilasan ƙofa sun daina hawa da kansu, kada ka tsorata, saiti ne, a kowace ƙofa za a sake yi musu.

Baban Ummi, Agege:

Jama'a na dawo da labari. Ranar Asabar muka yi gwajin a ƙofar gida, ni da ɗana Abba mai shekara 12, wanda ya ɗauki abin kamar an ba shi sarauta. Na bar murfin a ɗan sake don hankalina bai kwanta in rufe shi ruf ba, uwarsa kuma tana tsaye a kaina tana salati.

Ina sa tiyo a bayan tayar dama, ko minti biyu ba a yi ba sai na ji, "Baba, ga shi nan! Yana tsartuwa!" Muka kwance bamba. Tagar iskar nan da Usta ya faɗa, ashe a kife aka mayar da ita, ƙasa a sama. Fukafukan da ya kamata nauyinsu ya rufe su sai suka zama a wangale, ɗaya ma babu shi, an cusa guntun katifa a gurbinsa. Katifar ta sha ruwa ta yi baƙi, na matse ta a hannuna ruwa yana bin gwiwar hannuna. Ta nan ruwan Iyana-Oworo ya shiga, ta nan kuma duk wani feshin taya yake shiga tun Maris.

Na ce to an kama ɓarawo. Abba ya ce a ƙarasa, ai Usta ya ce har sama. Da muka zo kan danja sai ga wani siririn layi yana saukowa a cikin hodar, a hankali kamar tafiyar tururuwa, ya bi bango ya nufi ramin amfilifaya kai tsaye. Muka cire danjar, babu soso a bayanta sam. Roba a kan ƙarfe kawai, da kusoshi biyu a maimakon uku. Wannan ita ta kashe na biyun ranar wanki, don yaran wurin da injin feshi suke wankewa.

Na koma wurin fanalbitan da katifar a leda. Ya juya ta, ya kalle ni, ya ce yaransa ne. Ban ce masa komai ba, na bar masa ita a kan benci.

Litinin na shiga Ladipo da motar da tsohon amfilifayan. Tagar iska da soson danja ba su yi tsada ba, su biyun ba su kai kuɗin man da na ƙona zuwa can ba. Amfilifaya kuwa sai a shago na huɗu na sami mai lambar da ta dace. Na biyun da ɗan rewayan unguwarmu ya kawo mini, da na haɗa takardunsu, ashe lambar ƙarshe ma ba ɗaya ba ce, ko da yake ya yi aiki. Na sa an buɗe wanda zan saya, mai shagon yana ta mita wai ban yarda da shi ba, na ce da shi na yarda, da ruwa ne ban yarda ba. Ciki fes, ƙura ce kawai. Soket ɗaya muka yanko aka yi masa dalma kamar yadda Malam ya ce. Naira dubu 95 ya tashi, da ƙyar.

Mun sake gwajin tiyo sau biyu kafin a jona, hoda ba ta motsa ba. Jiya an yi ruwa da daddare, da asuba kafin in tafi masallaci na fita da tocila na ɗaga shimfiɗar, na shafa ramin da tafin hannu, a bushe. Batir ma ya tashi da bugu ɗaya.

Malam Mai Fanel, na biyun yana nan na wanke shi yana shan iska a kan firij. In ka ce in kawo, ranar Alhamis ina da hanya ta Ojo.

Malam Mai Fanel, Alaba:

Kawo shi Alhaji, mu gani. Ka taho da na farkon ma, akwai kayan da zan cira a jikinsa. Ka zo kafin azahar, bayan nan hanyar Badagry sai addu'a.